Sawun Shanu a Ƙofar Ruwa

Ruwa ya kwana a gonakin alkamar Marke Biyu, kuma babu wanda ya gayyace shi. Da rana ta ɗan ɗago sanyi ya sassauta, masu fangulan gangare, wato ƙananan gonakin ban ruwa da ke ƙasa-ƙasa, suka iso suka tarar da alkamarsu, wadda ko tsayin tafin hannu ba ta kai ba, tana kwance ƙarƙashin ruwa kamar an shuka ta a kwano. Kowa ya san alkama ba shinkafa ba ce. Idan ta sha irin wannan wanka, sai dai a yi mata addu'a.

Sakataren ƙungiyar manoman rani, Misbahu, shi ne ya ce ya fara zuwa. Ya tarar da babbar ƙofar ruwa a wangale, kwaɗon da ke ɗaure sitiyarinta a karye, ya murɗa ya rufe da hannu. A gindin ƙofar sawun shanu ne birjik, ga kuma sandar makiyayi a yashe.

Kafin hantsi kowa a garin ya gama bincike. Rilwanu ne, makiyayin da rugarsa ke bayan jinga, ya buɗe ruwa don shanunsa su sha. Samari suka ɗauko gorori. Bulama Umara, mai garin, ya riga su aikawa aka kawo masa Rilwanu ya zaunar da shi a zaurensa, shi kuma ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa ya zauna. Ya ce a ba shi zuwa la'asar ɗin gobe. Idan ta tabbata, zai miƙa shi ga hukuma a Auyo, rugar kuma ta tashi daga fadamar. Sannan ya aika a kira Malam Safiyanu mai bin sawu.

Da can Safiyanu ya bi sawun ɓarayin shanu har ƙasar Kafin Hausa ya dawo da su da igiya. Yanzu kuwa gwiwa ta fara ba shi labarin shekaru, ido ya koma neman taimakon tabarau, babban aikin da ya yi a bana shi ne gano zakaran matarsa Rahmatu a tukunyar maƙwabta, bayan an riga an sa masa gishiri. Amma ba gwiwa ce ta sa ya yi ta jan ƙafa a hanyar jinga ba. A kan wani dogon ƙarfe kusa da ƙofar ruwan akwai shuɗin akwati mai farantin sola a ka. Akwatin ne ke buɗe ƙofa da rufe ta idan ruwa ya kai inda aka ce ya tsaya. 'Yarsa Mardiyya ce ta haɗa shi, ita ta rubuta masa umarninsa, da Hausa kuma, abin da ya sa Safiyanu ya shafe wata guda yana tare mutane a kasuwa yana ba su labarin da ba su tambaya ba.

Ya tsugunna a gindin ƙofar, gwiwa ta yi ƙara, wani yaro-yaro a cikin taron ya yi dariya aka harare shi. Jama'a sun tattake wajen kamar filin dambe, amma akwai sauran kofato nan da can. Ruwan da ya tumbatsa ya haye hanya ya bar laka mai laushi kamar man shanu. Sawun kuwa a kan lakar yake, gefensa tsaf, ko kaɗan ruwa bai lashe shi ba.

Shanun sun zo ne bayan ruwa ya janye.

Safiyanu ya sake duban sawun. Idan shanu sun zo daga baya, to ba don su aka buɗe ƙofa ba. Ya ɗaga kai bai shirya ba, idonsa ya faɗa kan shuɗin akwatin.

"Malam Safiyanu, me ka gani?" in ji Bulama.

"Shanu, ranka ya daɗe."

"Wannan ai ko makaho ya gani," wani ya faɗa daga baya.

"To a kira shi ya ƙarasa, ni na tafi karin kumallo."

*

Rilwanu na zaune a kusurwar zaure ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ga Safiyanu sai ya yi zumbur.

"Baffa, wallahi ko hanyar ban bi ba."

"Zauna. Wannan sandarka ce?"

Rilwanu ya karɓa ya juya ta, ya shinshina, ya mayar. "Baffa, ka taɓa ganin makiyayi ya manta sanda? Ai na fi saurin manta wando. Kuma dubi, ko zufa ba ta sha ba. Wannan ta rataye wa a ɗaki ce."

Gaskiyarsa. Sandar sabuwa ce fil, babu santsin hannu a wuyanta. Safiyanu ya so a ce akwai.

"Ina ka kai shanu da asuba?"

Rilwanu ya kalli ƙasa. "Can."

"Can ina? Makka?"

"Can dai, Baffa."

"An ce watan jiya kun yi cacar baki da shugaban ƙungiya a kan ruwa. Har ka ce in ba a ba ka ba za ka ɗiba da kanka."

"Na faɗa. Baki ne. Shi ma ya ce zai yanka mini sa ya raba wa almajirai, ga sana nan yana tafiya da ƙafarsa."

"To ina ka kai su?"

Sai da aka kai ruwa rana kafin Rilwanu ya sassauta murya ya ce karan shinkafar Bulama ya shigar da su, inda aka ce kada a shiga sai an kwashe bambaro. Ya fi tsoron mai zauren da ke tsaronsa ya ji wannan fiye da samarin da ke waje.

Safiyanu ya fito yana jin haushin yaron. Mutum ya zo neman mai laifi ya samu ɓarawon bambaro.

*

A gangare ya iske Iya Asabe, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fangula da jikoki, tsaye cikin ruwa zuwa ƙauri tana yasar fangalinta da ƙwarya.

"Sannu Iya, ya muka ji da wannan abu?"

"Da ƙwarya muka ji da shi, ba ka gani?" Ta watsa ruwan ya kusa taɓa takalminsa. "Kun kama yaron mutane kun ajiye. Ku je ku tambayi Alhaji Abdulmannan. Shi ne shugaba, shi ke da makulli, kwamfutar ƙungiya da ake ba akwati umarni da ita ma a gidansa take kwana. Tun bara yake zawarcin fangulan nan nawa. In alkama ta mutu ai sai in sayar, ko ba haka ba?"

"Iya, a bi a hankali."

"Hankalin ne ya kawo ni nan." Ta miƙe ta dafe ƙugu ta dube shi ido cikin ido. "Ita kuma 'yarka mai akwatin aljanu, ba ce mana ta yi ko barci muke ƙofa za ta rufe kanta ba? To mun yi barcin."

Safiyanu ya yi mata sallama da sauri fiye da yadda ladabi ya yarda.

Alhaji Abdulmannan na ƙofar gida yana duba bijiman huɗarsa guda biyu, farare, ƙosassu, suna cin dusa a rabin ganga. Ya saurari zancen fangula ya yi tsaki.

"Asabe ta ce? Ita ko akuyarta ta yi ɓari ni ne. Na taya gonarta, ta ƙi, shi ke nan. Makulli yana nan a aljihuna, wani yana wajen sakatare. Wanda ke da makulli me zai kai shi fasa kwaɗo?"

"Kwamfutar fa?"

"Tana cikin akwatin Hajiya tare da zannuwa. Ni ko kunna ta ban iya ba. Misbahu ke zuwa ya ɗauka in za a canja lokacin ban ruwa. Surukina ne, gidan kamar nasa ne." Ya gyara hula. "Malam Safiyanu, kada ka wahalar da gwiwarka. Ga sawu ga sanda. Sai dai in kana so a ce injin ne ya yi, ka kuwa san na waye."

Ya sani. Duk garin ma, da alama, sun san ya sani.

*

Da ya koma gida Rahmatu ba ta tambaye shi komai ba sai da ya ci ya wanke hannu.

"An ce sawun shanu ne," ta ce.

"Na shanu ne."

"To alhamdu lillahi." Ta tattara kwanoni. "Mutanen Kafin Hausa za su zo ganin akwatin mako mai zuwa. Idan ya yi musu, su ma Mardiyya za ta haɗa musu. Ka san yarinyar nan ko ɗinkin sallah ba ta yi ba saboda aikin nan."

"Na sani."

"Ina tuna maka ne kawai. Bulama sawu ya ce ka duba. Bai ce ka duba sama ba."

Abin da ya ba Safiyanu tsoro shi ne maganar ta yi masa daɗi.

Duk da haka bayan azahar ya hau bayan ɗan acaɓa zuwa Haɗeja, yana ta addu'ar taya ta fashe a hanya. Ba ta fashe ba. Ranar da mutum ke son abin hawa ya lalace, ranar yake zama sabo.

Mardiyya na da ɗan shago a bayan kasuwa, rabi gyaran waya, rabi abin da take kira ofis. Labarin ya riga shi zuwa. Idonta ya nuna ta yi kuka ta wanke fuska.

"Baba, an ce makiyayi ne ya fasa kwaɗo."

"An ce. Akwatinki yana iya faɗa miki abin da ya yi jiya?"

Ta jawo kwamfuta. Akwatin yana da layin waya a cikinsa, daga nan take iya ganin umarnin da ke kansa. Safiyanu ya zauna a kan benci yana kallon yatsunta, yana kallon ƙuda, yana kallon kalandar bara da ba a cire ba. Can yatsun suka tsaya.

"Innalillahi."

"Faɗa mini da Hausar mutane."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ya gyara tabarau. "Ka ga nan? Kowane abu a cikin umarnin yana da suna. Wannan na kira shi ƘARSHE, wato inda ruwa zai kai a rufe babbar ƙofa. Ni na rubuta. Ka ga can ƙasa? Wani ya ƙara sabon layi a wajen ƙaramar ƙofa, wadda ke kai ruwa gonakin tudu. Shi ma ya sa wa abinsa suna ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, ya ba shi awo mai tsawo, don ruwa ya daɗe yana hawa tudu."

"To nasa daban, naki daban."

"Haka ya zata. Amma shi akwatin ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami, duk suna ɗaya ne a wajensa. Da ya ga biyu, sai ya bi na ƙarshen zuwa ya watsar da nawa. Babbar ƙofa ta zauna tana jiran awon da ruwa ba zai taɓa kaiwa ba sai ya haye jinga."

"Kamar wani hakimi da na sani. Wanda ya shiga wajensa daga baya shi ne mai gaskiya." Ba ta yi dariya ba, shi ma bai ji daɗin abin ba. "To laifin wanda ya ƙara ne."

"Ba shi kaɗai ba." Ta nuna fuskar kwamfutar. "Akwai manhajar da ke duba umarni kafin a tura wa akwati. Aikinta ke nan, in an maimaita suna ta nuna ja. Ni na sa musu ita. Na ce musu in ta nuna kore, ku tura, babu komai. Duba ka gani."

Ta rubuta KWANA a sama, kwana a ƙasa. Fuskar ta yi ja. Ta goge ta rubuta ƘARSHE da ƙarshe. Fuskar ta yi kore shar, kamar alkamar da ba ta sha ruwa ba.

"Baƙaƙen Turawa ta san babba da ƙaraminsu abu ɗaya ne," in ji Mardiyya. "Namu masu lanƙwasa, ƙa da ɗa da ɓa, waɗanda suka yi ta ba su koya mata ba. Tana ganin babban da ƙaramin sai ta ɗauka baƙi biyu ne da ba su san juna ba."

"Wato mai gadi kika ɗauka wanda ya san 'ya'yan Bature ko da riga ko ba riga, amma ɗan gida in ya canja hula sai ya ce bai taɓa ganinsa ba."

"Kuma ban gwada shi da 'yan gidan ba, Baba. Da sunayen da suka zo da ita na gwada, na ga tana aiki, na yarda." Ta share ido da gefen mayafi. "Gyaran ba zai ɗauke ni shan shayi ba."

Babu wanda ya ce a gyara a rufe baki, amma maganar ta zauna tsakaninsu a kan benci kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

"Akwatin ya faɗi wanda ya ƙara layin?"

"A'a. Duk wanda ya riƙe kwamfutar ƙungiya zai iya. Ni ma zan iya daga nan."

"Kada ki sake faɗin wannan a gaban kowa," ya ce da sauri, sannan ya ji kunyar kansa. Ya miƙe. "Ki zo gobe kafin la'asar. Kada ki taɓa komai."

*

Washegari da hantsi ya koma jinga shi kaɗai. A wannan karon bai tsaya a gindin ƙofa inda jama'a suka tattake ba. Ya bi sawun gaba, inda babu wanda ya damu ya je, saboda babu abin kallo.

Tun daga nan abin ya fara yi masa wani iri. Garke in ya wuce, sawunsa a warwatse yake, wannan ta ratse ta ciji ciyawa, waccan ta tsaya, maruƙa na tsalle a tsakani. Nan kuwa babu ɗan maraƙi ko ɗaya. Layi biyu ne na manyan kofatai, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. An kai su an dawo da su, an sake kaiwa, don sawun ya yi yawa.

A inda jingar ta ƙare ya tsaya. Na hagu ya taka a wuri ɗaya yana juyawa a hankali, na dama ya zagayo shi da faɗi, suka koma kan layinsu daidai. Safiyanu ya san wannan juyin. Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san shi. Haka shanun huɗa ke yi in sun kai ƙarshen kunya, ko da karkiya ko babu.

Ya zauna a kan jingar ya daɗe. Yanzu yana da mai laifi na gaske, mai hannu da ƙafa, wanda ya fasa kwaɗo ya kawo shanu ya jefar da sanda. Garin zai ƙoshi da wannan. Babu wanda zai tambayi akwati.

*

La'asar ta yi, aka taru a bakin ƙofar ruwa kamar yadda ya roƙa. Bulama na kan kujera, Rilwanu a bayansa tsakanin dattawa biyu. Alhaji Abdulmannan ya zo da bijimansa yana mita, don an ce ya zo da su ba a gaya masa dalili ba. Misbahu na gefe da hannu a aljihu. Iya Asabe ta zo da ƙwaryarta. Mardiyya ta tsaya can nesa kusa da ƙarfen akwatinta.

Safiyanu ya sa aka koro 'yan shanu daga rugar Rilwanu aka hau da su jinga. Nan take suka watse, ɗaya ta gangara magudanar ruwa, wani maraƙi ya bi Iya Asabe yana shinshinar ƙwarya.

"Ku dubi sawunsu," ya ce. "Yanzu Alhaji, a saki naka. Ba igiya, ba karkiya. A dai kora su gaba."

Fararen bijiman suka jera kamar masu zuwa ɗaurin aure, kafaɗa na gogar kafaɗa. Jama'a suka bi su a baya. Da suka kai ƙarshen jinga, ba wanda ya ce musu komai, na hagu ya tsaya yana juyawa, na dama ya zagayo shi. Sabon sawun ya kwanta a gefen tsohon kamar an buga hatimi sau biyu.

Wajen ya ɓarke da hayaniya.

"Ban faɗa ba?" Iya Asabe ta ɗaga ƙwarya sama. "Ban faɗa muku ba?"

"Ke dakata!" Alhaji ya daka tsawa, hularsa ta karkace. "Shanuna ne, ban musa ba. Amma ni jiya da asuba ina masallaci, liman shaida ne. Da na dawo ba sa turke, Hajiya ta ce an zo an ara za a jawo amalanke, wai..." Ya juya a hankali ya dubi surukinsa.

Misbahu ya cire hannu daga aljihu, ya rasa inda zai sa shi, ya mayar.

"Misbahu," in ji Bulama, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ka kawo shanun nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sandar fa?"

"A kasuwar Kafin Hausa na saya tun bara. Ta ado ce."

"Na faɗa," Rilwanu ya ce a hankali, ba wanda ya kula shi.

Samarin da suka ɗauko gorori jiya suka fara matsowa, fuskokinsu dai irin na jiyan ne, mutumin kawai aka canja. Wani ya ce ɗan tudu ne, dama haushin masu gangare yake ji. Wani ya ce a ɗaure shi a sitiyarin da ya murɗa. Misbahu ya sunkuyar da kai. Ko kunya ce ta rufe masa baki, ko shi kansa bai fahimci yadda layi ɗaya ya cinye gonaki ba, Allah masani.

Bulama ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Malam Safiyanu, aikinka ya yi kyau. Tambaya ɗaya ta rage, in ka amsa mu tashi. Shi ne ya buɗe ƙofar?"

Safiyanu ya dubi taron. Kalma ɗaya ce, gajeriya, kowa na jiranta, har ya ji ta a kan harshensa. Bai kalli wajen ƙarfen ba, amma ya san Mardiyya tana kallonsa.

"Shi ya fasa kwaɗo, ranka ya daɗe. Shi ya kawo shanu. Amma duk bayan ruwa ya janye ne." Ya yi gyaran murya. "Ƙofar kuwa, babu hannun da ya buɗe ta. Ba a rufe ta ba ne."

"Wa ke rufewa?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Mardiyya ta tako ta durƙusa a gaban Bulama. Ta faɗi duka, da sunan da aka maimaita, da manhajar da ta nuna kore, da cewar da ta yi musu in sun ga kore su tura. Ba kowa ya gane zancen baƙaƙe ba. Kowa ya gane na ƙarshen.

Sai a lokacin bakin Misbahu ya buɗe. "Gonata a tudu take, alkamata na ƙonewa ina kallo. Na roƙi Alhaji a ƙara mana lokaci ya ce sai an yi taro, taron kuma ba a yi. Na ce bari in ƙara wa ƙaramar ƙofa kaɗan. Ya nuna kore, wallahi kore ya nuna! Da na zo da asuba na ga ruwa, sai kaina ya ɗauke."

"Kanka bai ɗauke ba," in ji Bulama. "Wanda kansa ya ɗauke ba ya tuna inda ya rataye sanda." Ya juya ga Rilwanu. "Tashi ka tafi rugarka, ka yi haƙuri. Zancen bambarona kuma za mu yi shi wata rana."

Rilwanu ya buɗe baki ya dubi Safiyanu. Safiyanu ya ɗaga kafaɗa. Ba shi ya faɗa ba, Bulama ma yana da idanu.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Misbahu ya sauka daga sakatare, zai bi Bulama Auyo da safe, kuma abin da gonarsa ta bayar bana na masu gangare ne. Akwati kuwa a sauke shi. Za a koma murɗa sitiyari da hannu.

"Ranka ya daɗe, gyaran ƙarami ne," in ji Mardiyya. "Yau ɗin nan zan iya..."

"'Yata, na yarda ƙarami ne. Ɓarnar ma ai da ƙaramin abu aka yi ta. Ki je ki gyara, ki gwada shi a gonar da ba ta marayu ba. In an yi girbi ma sake magana."

Iya Asabe ta wuce ta gabanta, ta tsaya, kamar za ta faɗi wani abu mai zafi. Sai kawai ta ce, "Ke dai kin fi wasu," ta yi gaba da ƙwaryarta.

Jama'a suka watse da surutu, labarin ya riga ya kama hanyar Kafin Hausa a bayan babura. Aka bar uba da 'ya a kan jinga. Ta ciro sukundireba daga jaka, ta taka dutse, ta fara kwance akwatin. Noti ɗaya ya kuɓuce mata ya faɗi cikin laka. Safiyanu ya tsugunna ya lalubo shi, ya goge a rigarsa, ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta dube shi ba.

"Ai kin san da na ce e, da yanzu yana nan a samansa," ya ce.

"Na sani."

"Kin ji haushina?"

Ta zare waya ta ƙarshe, ta rungumo akwatin, ta sauke shi a hannunsa. Ya fi yadda ya zata nauyi, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Na ji, Baba," ta ce. "Riƙe da kyau, kada ka ƙara mini wani aikin."